Silin Ɗin Udoji

Har gobe, in hancina ya shaƙi ƙamshin gyaɗa tana soyuwa a inji, sai na ji kunnena ya miƙe yana jiran jiniya. Haka Dakata take wayar gari muna yara: kiran assalatu, ƙarar guga a bakin rijiya, tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sa'an nan jiniyar Bompai ta tsaga sanyin asuba, kekuna su ɓarko daga lunguna kamar an taɓa gidan tururuwa. Iska kuwa kowace rana da irin tsarabar da take kawo mana daga kamfanoni. Yau alewa, gobe turare, jibi man gyaɗa. Ran da ta tashi da rashin mutunci kuma ta kwaso warin majema ta juye mana a cikin koko. Ruwan da ke gangarawa rafin Getsi ma ba ya kwana da kala ɗaya. Mukan tsaya a bakinsa muna gardamar irin yadin da ake rinawa a masaƙa, ja ne ko shuɗi, ba wanda ya taɓa ce mana mu ja da baya.

A ɗaya daga cikin masaƙun nan Baba yake aiki. Da yamma yakan dawo da auduga a gira da gemu, Inna ta tare shi da moɗar ruwa tana cewa, "Malam, sannu da tsufa. Da safe fa da baƙin gashi ka fita." Gidanmu ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ɗakunan kuma rufin kwano. Wanda bai taɓa yin azahar ƙarƙashin tsuran kwano a watan Afrilu a Kano ba, bai san abin da gurasa take gani a tanderu ba. An gwada shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rufin, gara ta cinye. An gwada kwalaye, ɓeraye suka mai da su gidan haya, ba sa biyan ko kwabo, ga dambe cikin dare.

Sai ga Udoji. A farkon 1975 gwamnatin Gowon ta biya ma'aikatanta ƙarin albashin da ake kira Udoji, har da ariyas na watanni, ma'aikatan kamfanoni suka ce su ma ai ba ƙasa suke ci ba, aka yi ta yajin aiki har yayyafin ya iso Bompai. Gari ya rikice. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset, wani ya ƙara aure kafin wata ya mutu. Maƙwabcinmu ya haɗa duka ukun. Kafin damina ta sauka ya sayar da biyu, ta ukun kuma ta tafi da ƙafarta. Baba shi silin ya ce zai yi. Inna, wadda ta daɗe da sa rai ga keken ɗinki, ta yi kwana uku duk abin da ya faɗa amsarta "to".

A kura aka kawo kayan daga Sabon Gari, mutum biyu suna turawa, mu muna biye da ihu kamar an kawo amarya. Falle-falle ne masu ruwan toka, kowanne ƙafa huɗu tsawo, ƙafa huɗu faɗi. Fuska ɗaya sumul, ɗayar kuma da ɗan kaushi kamar zanen buhu. Suna da sanyi a tafin hannu, da wani ƙamshi irin na daɓen siminti in ruwan farko ya taɓa shi. Asbesto, in ji manya. Mun ɗauka sunan Baturen da ya ƙera shi ne.

Kawu ne ya yi aikin, ƙanin Inna, kafinta ne na ji da gani. Ina ganinsa yanzu kamar a gabana: fensir a bayan kunne, ƙusoshi jere a leɓe, sigari yana ci shi kaɗai a gefen benci. Sai da ya gama giciya katakon tu-bai-tu, sa'an nan ya ɗora falle a kan benci ya ja layi. "Zo nan, ɗan Yaya, riƙe mini bakin nan. In ka bari ya motsa, kunnenka zan yanka a madadinsa." Ina da shekara goma sha ɗaya, ban taɓa samun muƙami irin wannan ba. Zarton yana shiga da wata ƙara mai sa haƙori tsami, farin gari yana zubowa a kan yatsun ƙafata, laushi kamar bula. In garin ya rufe layin fensir, sai Kawu ya sunkuya ya hure da baki, ƙurar ta tashi ta lulluɓe mu duka biyu, mu yi atishawa, mu yi dariya. Kafin la'asar ya fi Baba furfura. Da magariba Inna ta shiga da tsintsiya, ƙanwata goye a bayanta, ta share ɗakin tas. Hasken rana na ƙarshe ya ratso taga, ƙurar tana yawo a cikinsa a hankali, ni kuwa na tsaya ina kallo don ta yi mini kyau.

Guntayen da suka rage su ne arzikinmu. In ka goga ɗaya a daɓe, rubutu yake yi fari fes, ya fi allin makaranta, ga shi ba ya ƙarewa. 'Yan mata suka zana 'yar gala-gala da shi daga ƙofar gidanmu har bakin masallaci. Ni na yi cinikin guntu uku da ƙwallon roba. Inna ta ɗauki mai ɗan faɗi tana ɗora dutsen guga a kai, tun da wuta ba ta cin sa, wani kuma aka rufe akurkin kaji. Da hunturu ya zo muka gano babban sirrinsa: in ana jin ɗumi ka faki ido ka jefa guntu a wuta, jim kaɗan sai ka ji tau! kamar bindiga, garwashi ya watse, tsofaffi su zabura suna salati. Na sha bulala a kan wannan, kuma ban taɓa jin bulalar ta fi ƙarfin daɗin ba.

Ran da aka shafa farin fenti, maƙwabta suka yi ta sallama. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai, hula ta kusa faɗuwa. "Malam, ai ka zama Bature." Baba ya yi ta cewa "Haba, ɗan abin da ba a rasa ba ne," alhali bakinsa ya ƙi rufuwa. Ɗakin ya yi sanyi, murya ta daina amsa-kuwwa, ruwan sama ya koma raɗa maimakon kiɗan gwangwani. Ita kanta Inna da azahar sai ga ta da tabarmarta a falon, ba ta dai ce komai ba. A kwance a nan na haddace uku sau huɗu, don falle goma sha biyu ne cif, layi uku, kowane layi huɗu. A nan kuma na yi jinyar ƙyanda, ina kallon wani tabon yoyo a kusurwa da ya yi kama da taswirar Afirka, har da ƙahonta.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya yi firamare a azuzuwan da aka gina gadan-gadan don shirin ilimi kyauta na 1976 ya zauna ƙarƙashin irin wannan silin. Haka asibitoci, da barikoki, da gidajen ma'aikata, da rumfunan kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa, waɗanda da yawansu rufinsu ma na asbesto ne mai tudu da kwari. Abin yana da dalili. Asbesto dutse ne da ake haƙowa, amma in an farfasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Ba ya ƙonewa, ba ya tsatsa, gara ba ta kallonsa. Wani mutumin Ostiriya, Ludwig Hatschek, shi ya yi rajistar dabarar cuɗa zaren da siminti a 1900. A 1959 aka kafa Nigerite a Ikeja, aka yi wasu a Emene ta Inugu da Sapele, daga baya Bauci ta samu nata, Kano ma ta samu Giwarite a Sharada. Ga ƙasa mai zafi da gara da gobarar hunturu, wa zai ga wannan ya ce ba rahama ba ce?

Shekaru suka yi ta tafiya da mutane. Jiniyoyin Bompai suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, masaƙu suka koma rumbunan ajiye kaya. Dakata ta cika da injinan matsar gyaɗa da na casar shinkafa da masu narka roba. Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Bara muka zauna da 'yan uwa aka ce a gyara gidan, ɗan wana zai tare da amaryarsa. Yaron kirki ne, amma ɗan zamani: a sauke tsohon silin, a yi na fi-o-fi mai fitilu a ɓoye kamar ɗakin otal. Na ce to. Irin "to" ɗin Inna.

Ranar da za a fara, na iso na tarar da leburori uku da guduma da shebur, an jingine baro a zaure, wani yaro yana ta kiciniyar haɗa waya da injin yankan tayil. Kafin a ɗaga guduma sai ga 'yata, wadda na sa wa sunan Inna, shi ya sa ba na kiranta sai da Uwata. Makarantar koyon tsafta ta Kano ta yi, wato dai duba-gari ce. Mu da muka taso in an ce ga duba-gari nan Inna take kifar da randa ta ɓoye tsummokara, yau ga shi na haifi ɗaya na kuma biya mata kuɗin makaranta. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta dubi gudumar, ta ɗan rusuna ta ce, "Abba, don Allah a dakata." A Dakata aka yanke mini cibi, amma ban taɓa jin kalmar ta yi nauyi kamar ranar ba.

A kan dakalin ƙofar gida ta yi mini karatun, da ladabi, kamar mai ba tsoho magani mai ɗaci a cikin zuma. Muddin fallen yana nan lafiyarsa ƙalau, siminti ya riƙe zaren, barci yake. Guduma, da zarto, da abin huda bango, da takardar goge katako, da injin yanka, su ne masu tashinsa. Zaren da ke tashi ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, yana iya yin sa'o'i yana shawagi a ɗaki. In ya shige can ƙasan huhu, jiki ba shi da abin narka dutse. Sai ya zauna. Shekara ashirin, talatin, arba'in, mutum yana harkarsa, sa'an nan abin ya bayyana: ko huhu ya yi tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa gajarta, ko sankarar huhu, ko wata sankara ta fatar da ke lulluɓe da huhun, mesoteliyoma, wadda kusan ba ta da wani sanadi sai shi. Mai shan taba kuma haɗarin sankarar huhunsa ninkuwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum fiye da 200,000 ne ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki.

Da ta ga na yi tsit, sai ta sassauta. Ta ce yawancin waɗanda abin ke kamawa su ne masu wuni a cikin ƙurar shekara da shekaru, ba yaron da ya riƙe bakin falle na kwana biyu ba. Na gode mata. Amma ba kaina nake tunani ba.

Kawu ya yi shekara fiye da talatin yana hure layin fensir. A ƙarshen rayuwarsa daga ɗaki zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Aka ce sanyi ne, aka ce asma, aka yi ta maganin tarin fuka wata da watanni, aka dafa citta da kanumfari da duk wani sassaƙe da aka kwatanta. Yakan zauna a zaure yana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, in na gaishe shi ya ce, "Ɗan Yaya, zarton ne ya dakushe." Kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa, ga kuma tabar da ya sha. Sai dai tun ranar dakalin nan, duk sa'ad da na tuna shi, da farin gemun nan na la'asar nake ganinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin shekarun. Tun 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, ya fitar da rahoton mutum 33 masu sankarar mesoteliyoma, kusan dukansu daga yankin da ake haƙar shuɗin asbesto, wasunsu ko ramin ba su taɓa shiga ba, a kusa kawai suka girma, suna wasa a kan tarin ƙasar kamar yadda muka yi da guntayenmu. Shekara goma sha biyar ke nan kafin kurar nan ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ingila ta hana shuɗin asbesto da mai ruwan ƙasa a 1985, farin kuma a 1999. Tarayyar Turai ta rufe ƙofa a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Akwai wani gari a Kanada da sunansa ma Asbestos, a 2020 mutanensa suka gaji suka canja masa suna. Rasha kuwa har yanzu tana haƙa tana sayarwa. Kayan ya iso mana da wuri, labarinsa ne ya biyo jirgin ƙasa mai tsayawa kowace tasha.

Na tambaye ta yaya ake gane shi. Ta ce ido ba ya yanke hukunci, don manyan kamfanonin nan sun daina sa asbesto tun farkon shekarun 2000, kuma sabon fallen da na da kamar tagwaye suke. Tabbaci sai an jiƙa gefe an ɓalli ɗan guntu, an ƙulle a leda, an kai ɗakin gwaji an duba da madubin likita. Amma gidan da aka yi wa silin ko rufi kafin wannan lokacin, a ɗauka shi ne har sai an wanke shi. Ta lissafo mini sauran maɓoyansa: tsofaffin bututun ruwa masu kama da siminti, da tankuna, da tayil ɗin roba na da, da allon da ake kafa fis a kai. "Na Udoji kuwa, Abba, ba ya bukatar shaida."

Muka zaga ɗakunan tare. Na ɗakin Inna ko tsaga babu, ta ce a bar shi, a ƙara masa fenti, kada dai a huda shi don rataya fanka. Na ji daɗin wannan hukuncin fiye da yadda na nuna. Na falon Baba ne yoyo ya ci, taswirar Afirka ta haɗiye Turai da Asiya, falle biyu sun tsage sun yi ciki. Shi dole ya sauka.

Aikin da leburori suka yi wa kuɗin rabin yini sai da ya ci kwana uku. Aka tura yara gidan ƙanwata a Kawaji, aka kwashe komai, aka kashe wuta daga mita, aka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, aka rufe ƙofar da ke shiga tsakar gida. Ta kawo rigunan leda masu hula da takunkumi mai matata, wanda aka rubuta wa P3. Ta ce irin na lokacin korona da rawani da ƙyalle duk zaren ratsa su yake. Kafintan, saurayi mai fara'a, ya dube ni ya ce, "Alhaji, mu fa a cikin ƙurar nan muka girma. In an tashi aiki madara muke sha, ta wanke komai." Uwata ta ce, "Malam, madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu. Ko a hanya ba sa haɗuwa." Ya yi dariya ya sa takunkumin.

Da famfon feshi irin na manoma aka riƙa jiƙa kowane falle, ruwa da ɗan garin sabulu don ya kama. A ɓamɓare siririn katakon da ya rufe haɗin, a zare ƙusa ɗaya-ɗaya, mutum biyu su tallabo shi su sauke a hankali kamar faifan ƙwai. Ba jifa, ba karyawa don ya shiga baro. Tsintsiya ko leƙowa ba ta yi ba. Da jiƙaƙƙen tsumma aka goge katako da bango da daɓe, tsumman ma ya bi sharar. Kowace yamma sai sun tuɓe rigunan a nan, sun yi wanka kafin su tafi, don a ƙasashen da aka ƙirga gawarwakin, har da matan da aikinsu kawai kakkaɓe kayan miji da wanke su.

Rigimar da ban zata ba daga waje ta zo. Wani maƙwabci ya aiko a ba shi ɓaraguzan ya cike kwarin da ke ƙofar gidansa kafin damina. Wani yana son falle huɗu ya rufe kejin tattabaru. Mai sayen tsofaffin kaya ya yi sallama sau uku. Da na hana, sai magana ta zaga cewa ɗan Malam ya yi boko ya koyo rowa, har shara yake naɗewa a leda kamar kayan lefe. Na bi su gida-gida ina bayanin abin da mota za ta yi wa ɓaraguzan in ta niƙe su a lungun da jikokinsu ke wasa. Wasu sun gane. Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kyauta," da muryar da ke nufin bai yafe ba. Aka naɗe kayan ninki biyu, aka ɗaure, aka rubuta gargaɗi a jiki, ita da abokan aikinta suka raka motar inda aka nuna musu, aka binne a rami mai zurfi.

Falle na goma sha biyu, na kusurwar gabas, shi ya rage a rana ta uku. Da aka kwantar da shi, kafintan ya shafa bayansa da jiƙaƙƙen tsumma, sai ya ɗago ya yafito ni. Daga bakin ƙofa na leƙa, takunkumi a fuska. Rubutun fensir ne. Lissafin Kawu, da ajami da lambobi, kuɗin katako da na ƙusa, an ja layi an haɗa. A ƙasa kuma, da wasu haruffan boko masu tafiya kamar kaguwa, sunana, da "aji biyar", da 1975. Na manta sarai ya taɓa miƙo mini fensirin.

Na ce, "Uwata, wannan kusurwar kaɗai, a ɗan yanko mini ita."

Ta dube ni ta saman takunkumi. "Abba, da zarto?"

Har kafintan sai da ya ƙyalƙyale. Ta ɗauki hoton da wayarta, sau biyu, don na farkon ya yi duhu. Sa'an nan ta ƙara fesa ruwa, rubutun ya yi baƙi sosai na ɗan lokaci kamar yanzu aka yi shi, aka ja leda aka rufe.

Da suka watse na shimfiɗa darduma a falon na yi la'asar. Kwanon yana nan tsirara a sama kamar yadda na fara saninsa, yana ƙas-ƙas yana sakin zafin yini, wani ƙadangare ya bi ta kansa a guje. Gumi ya fara tsattsafo mini a wuya. Daga wajen injinan gyaɗa iska ta kaɗo, na zauna ina saurare.